Ranar da Na Turara Tukunyar Kabeji

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da matan Jamus biyar suka jeru a kicin, kowacce riƙe da kwanonta, ni kuma ina tsaye a bayansu ina jiran a yaba mini ba. Shekaru sun ja, har jikoki na aurar, amma duk ranar da na ga kabeji a kasuwa sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ba ni kaɗai ke da laifi ba. Akwai wanda ya san komai ya ƙi buɗe baki yadda ya kamata. Za mu zo kansa.

A shekarun tamanin ne. Na zo umara daga Malumfashi, aka gama, jirgi ya tashi, ni kuwa na ce ba yanzu ba. Ba iƙama, ba kafili, wato ba takardar zama, ba mai tsaya mini. Mu bakwai muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Sa'alaba cikin Jidda, in za ki juya sai kin nemi izinin ta kusa da ke. Da rana ina kasa gyaɗa da goro a bakin titi, ido ɗaya a kan mai saye, ɗaya a kan motar baladiyya masu kamen 'yan talla. Sau biyu ina barin takalmina a kan kwalta saboda gudu. To da wata 'yar garinmu ta samo mini aikin girki a wani gida a Abhur, can bakin teku, sai na ji kamar an sake haifata. Katanga doguwa, ba mai leƙowa ya tambayi takarda. Ga ɗaki nawa ni kaɗai, da ƙofa, da makulli. Wannan makullin a bakin zanina nake ɗaure shi, don shi ne duk abin da na mallaka a Jidda.

Maigidan Bajamushe ne, injiniya a wata masana'anta, Muhandis kawai muke ce masa. Matarsa Madam Hilda, yarinya ce doguwa siririya, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Da gurɓataccen Larabci muke magana, nata ya karye, nawa ya gurguje, a haka muke fahimtar juna. Mutuniyar kirki ce, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Amma girki? Allah ya ba ta lafiya. Ba barkono, ba attaruhu, abinci kamar na wanda aka kwantar a asibiti. Ni kuwa a Malumfashi ba a ɗora tukunyar biki a unguwarmu ba a kira ni ba, saboda haka kallon almajirar girki nake yi mata, ko da yake ita ke da gidan.

Nawa abincin daban nake dafawa. Ina da gwangwanin madara guda cike da daddawar da Innarmu ta aiko mini da ita ta hannun alhazai (sana'arta ke nan, a kan buhun kalwa aka yaye ni). A saman kabad ɗin kicin nake ajiye shi. Wata rana na tarar an saka gwangwanin a leda biyu an ɗaure tam, na ce a raina, kai, yarinyar nan akwai hankali, har ta san kaya mai daraja ba ya son iska.

Sai direban gidan, Malam Idi, dattijo ne mutumin Damagaram. Ya yi wa Turawa aiki tun ban san hanyar Kano ba. Magana a wajensa kamar da awo ake ba shi, kalma uku ya gama.

Wajen sati shida kafin bikinsu na Kirsimeti, Madam ta dawo daga kasuwa da kabeji ƙulli goma sha biyu. Ta ba ni wuƙa ta ce in yanka siri-siri. Tun hantsi nake yanka har la'asar, yatsuna suka ƙage. Sai ta fito da wata tukunya mai sheƙi, doguwa kamar randa, da aka naɗo ta cikin bargo tun daga ƙasarsu. Ta zuba kabeji, ta barbaɗa gishiri, ta dunƙule hannu ta dinga kirɓa har ruwa ya taso. Ta ɗora faifan katako a kai, ta danne da dutse, ta rufe. Ba wuta, ba mai, ba ko albasa. Aka kai sito, ta kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta nuna tukunyar da yatsa.

"Hajja, hada mamnu. Ba taɓawa."

Na ce to. Amma ku tsaya ku ji abin haushi. Mukayyif ɗin nan ba a sake kashe shi ba. Ni, 'yar Adam, mai salla biyar, ina kwance da tsakar rana ƙarƙashin fanka mai kukan tsohuwar akuya, zufa na bin wuyana, kabeji kuwa yana can yana shan sanyi kamar wani babban baƙo. Wallahi tun daga nan na ƙulla da tukunyar nan.

Kwana uku ban ga an ci ba. Sati ya wuce. A sati na biyu wani wari ya fara biyowa ta ƙarƙashin ƙofar sito, mai tsami, mai hawa kai. Ina lura da Madam, bayan kwana biyu sai ta shiga da cokali, ta rufe ƙofa, ta daɗe, ta fito tana goge hannu. Nan na gano komai (a ganina). Yarinya ta ɓata girki, tana jin kunyar mijinta ya sani, shi ne take shiga tana kwashe ruɓar sama ko Allah zai sa ya gyaru. Na sha ganin irin haka a gida. Amarya ta ƙona miya ta tura tukunyar ƙarƙashin gado. Har tausayi ta ba ni, ga ta a ƙasar mutane, ba uwa ba yaya da za ta rufa mata asiri.

Na sami Malam Idi yana wanke mota.

"Malam, ba ka jin abin da nake ji daga siton nan?"

"Bon, Hajiya, shu ɗin Madam ne." (Shu suke ce wa kabeji a can wajensu.)

"Ai ya ruɓe!"

Ya matse tsumma, ya yi 'yar dariya. "Ki bar shi."

Shi ke nan fa. Ki bar shi. Don Allah wannan bayani ne? Mutum ya shekara ashirin yana cin abincin Turawa, a tambaye shi, ya ce ki bar shi, ya ci gaba da goge gilashi.

Ana cikin haka shirin biki ya kankama. A ƙasar nan ba a yin irin wannan biki a fili, don haka a cikin gida suke abinsu, labule a sake, wata shuka ta cikin tukunya aka rataya wa ƙyalle-ƙyalle ta zama bishiyarsu. Madam ta gasa wani burodi mai nauyi kamar bulo, cike da zabibi da ɓawon lemo, ta bulbule shi da garin sukari ta naɗe ta ɓoye, wai sai ya yi sati huɗu zai yi daɗi. Wannan ban yi magana ba, tunda ƙamshi yake. Ta yi biskit mai citta da kirfa da kanumfari, shi kam na yarda, na ci uku a tsaye. Aka kawo dinya biyu masu rai daga wata gona, na tsaya kai da fata sai Malam Idi ya yanka da bisimilla, tunda ni zan fige. Ta nuna mini yadda za a cusa musu tuffa a ciki (tuffa fa, a cikin nama!), da yadda ake dafa jan kabeji da sukari, da yadda ake mulmula dankalin Turawa kamar malmalar tuwo a jefa a tafasasshen ruwa. Duk na haɗiye.

Ana gobe biki ta ce mini baƙi za su zo, har da matar shugaban su Muhandis, a gyara gida ko'ina. Ta shiga mota, Malam Idi ya ja, suka tafi cefane.

Na share, na goge, na wanke labule. Na zo ƙofar sito na tsaya. A garinmu, mace ta tara baƙi gidanta yana wari, ai gara a ce ba ta yi girki ba sam. Na tura ƙofa, na ɗaga murfi. Innalillahi! Wani farin kumfa a saman ruwa, ƙananan ƙwayaye na tasowa suna fashewa, kabejin ya koma rawaya ya yi laƙwas. Na ce yau dai zan yi wa yarinyar nan abin da uwarta za ta yi mata da tana kusa.

Ban zuba a shara ba, kada Muhandis ya gani. Dubi zurfin tunani. Rami na haƙa a bayan ɗakina, gindin dabino, na juye tas, na mayar da yashi, na tattake da ƙafa. Na wanke tukunya sau uku da sabulu da ruwan zafi, na kankare faifan katakon da soso, na shanya su a rana. Da na sunsuna na ji da saura, sai na ɗauko turaren wutar da wata maƙwabciyata 'yar Chadi ta ba ni a Sa'alaba, wanda nake tattali kamar ido. Na zuba a garwashi, na kifa tukunyar a kai, na jingina faifan a gefe, suka sha hayaƙi har suka ƙoshi, yadda muke turara randar amarya. Sannan na cika ta da ruwan sha, na mayar da ita sito, na rufe. Na ce ko banza yanzu mukayyif ya sami aikin yi. Ragowar turaren na zagaya da shi gida duka. Da Madam ta dawo a gajiye ta shaƙa ta ce, "Jamil, Hajja," wato ya yi kyau. Na ce a zuci, ba ki ga komai ba tukuna.

Washegari da hantsi mata biyar suka iso, kowacce da kwano mai murfi. Ta gabansu tsohuwa ce mai tabarau, ita ce matar shugaban. Na ɗauka kwanukan na ɗaukar ragowar abinci ne. Na sa atamfata ta salla, na kafa ɗauri. Madam sai murna take, fuska ta yi ja, ta kira Malam Idi ya ɗauko tukunya ya kawo kicin. Yana ɗagawa ruwa ya yi ƙulum a ciki. Ya tsaya. Ya juyo ya dube ni, kallon da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ni kuwa na ɗaga masa gira.

Aka dire ta a tsakiya, matan suka matso suna miƙa wuya. Madam ta ɗan yi jawabi da yarensu, suka tafa. Ta ɗaga murfi.

Ƙamshin turaren Chadi ya tashi. Ruwa garau, har kana hango gindin tukunya.

Ni kuma (a nan ne nake so ƙasa ta tsage in na tuna) na ga lokacina ya yi. Na ratsa tsakaninsu da kofi a hannu, na ɗebo, na ɗan rusuna, na miƙa wa tsohuwar.

"Tafaddali, Madam. Moya barid." Bisimilla, ruwan sanyi.

Ta karɓa don ba ta san abin da za ta yi ba. Na juya wajen Madam Hilda, na rage murya, irin ragewar da kowa ke ji.

"Kharban, Madam, kullu kharban. Duk ya lalace. Na binne shi. Ma fi mushkila, Muhandis ba zai sani ba."

Har da dafa mata kafaɗa.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Sulalewa ta yi ta zauna a ƙasa kusa da tukunyar, ta ɗauki faifan katakon da na ajiye a kicin ɗin, ta kai hanci, ta sunsuna, ta sake sunsunawa, sai hawaye. Matan nan suka hau magana gaba ɗaya. Tsohuwar ta tambayi inda na binne, muka ɗunguma har gindin dabino, wata ta tona da cokali, ta ɗago kabeji da yashi, ta mayar.

Malam Idi ya matso kusa da ni. Yau kam bakinsa ya buɗe.

"Hajiya, kin san abin da kika yi kuwa? Haka ake cinsa. Tsamin nan shi ake jira, sati shida cur. Sawakarawut suke ce masa, in babu shi a gefen nama, wajensu biki bai cika ba. Ba a samunsa a kanti a garin nan, kwanukan nan da kika gani rabo suka zo karɓa. Tukunyar kuma ta uwarta ce, bara ta rasu. Wannan ne karon farko da ta yi shi ita kaɗai."

Kunya ta kama ni, amma haushi ya riga ta fita.

"To me ya hana ka faɗa tun ran nan?"

"Na ce ki bar shi."

"Cewa ka yi in bar shi, ba ka ce mini abinci ba ne!"

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Ina! Bakina ya riga ya ɗau zafi. Na juya wajen matan, na buɗe hannuwa, na tattaro duk Larabcin da na mallaka na ce, ni dai a faɗa mini, wane ɗan Adam ne zai ajiye abu ya ruɓe, ya yi wari, sannan ya sa a baki?

Madam Hilda ta share ido. Ta kama hannuna, ba da ƙarfi ba, ta ja ni muka koma kicin, sauran suka biyo. Ta jawo kujera ta taka, ta miƙa hannu saman kabad, ta sauko da gwangwanin madara. Ta kwance ledar farko. Ta kwance ta biyu. Ta buɗe murfi.

Tsohuwar mai tabarau ta ja da baya har ta bugi firji. Wata ta toshe hanci da gefen rigarta, wata ta nufi taga. Ni kaina, duk da hancina ya kwana cikin turare, sai da na ji ta sosai. Daddawar Innarmu ce, ta asali, wadda aka dafa kalwa aka rufe kwana uku har ta yi yauƙi.

"Wata takwas," in ji Madam, tana haɗa kalmomin da ƙyar. "Kullu yom ina ji. Na tambayi Idris. Ya ce daga mamanki." Ta mayar da murfin a hankali, ta sa mini gwangwanin a hannu. "Hada haggik. Naki ne. Ni ban zubar ba."

Jama'a, an taɓa zagina, an taɓa kora ta da mota a titi, amma ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ni da na girma ina leƙa buhun kalwa ina ce wa Inna bai yi wari sosai ba tukuna, a ƙara masa kwana. Ni ce na tsaya da atamfar salla ina tambayar wa ke cin abu mai wari. Ga gwangwani a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye idona.

Na wuce ɗakina. Na ƙulle kayana a zani ɗaya, na kwance makulli daga bakin zani na ɗora a kan katifa, na zauna ina kallonsa. Ina jin motocin matan suna fita ɗaya bayan ɗaya, da kwanukansu yadda suka zo da su. Na fara tunanin ɗakin mutum bakwai, da farantin gyaɗa, da ko wa ya gaji wurina a bakin titi. Kuka na yi sosai, ba na ɓoyewa.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Madam ce, ido a kumbure. Ta dubi ƙunshin, ta dubi makullin.

"Yalla, Hajja. Dinya."

Na tashi. Na gasa dinyar nan kamar raina a kanta yake, da tuffarta da komai, ban saka ko ƙwayar barkono ba. Na mulmula dankali, na dafa jan kabeji da sukarinsa. Baƙi suka dawo da mazansu, aka ci, aka yanka burodin nan mai sati huɗu. Akwai wani faranti mai zanen shuɗi da Madam ta fitar tun jiya don sawakarawut ɗin, ni na mayar da shi kabad da hannuna. Duk sanda na shigo da tire sai hira ta tsaya, tsohuwar kuma ta bi ni da kallo ta saman tabarau.

Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai abin da ya zama dole, ni kuma ban kwance ƙunshina ba. A rana ta uku Malam Idi ya buɗe bayan mota, sai ga kabeji ƙulli goma sha biyu. Madam ta miƙo mini wuƙa. Wannan karon ni na yanka, ni na kirɓa, ni aka ɗora wa kwashe kumfa duk bayan kwana biyu. Na ce tunda gadi ya koma hannuna, sai in riƙa shimfiɗa tabarmata a sito da rana. Haka na sami mukayyif a ƙarshe, ni da kabeji, kowa da gefensa. (Malam Idi ya ce warin bai dame ni ba? Na harare shi. Har ya koma Damagaram ban gama huce haushinsa ba.)

Da sati shida ya cika ta ba ni cokalin farko. Na rufe ido na ci. Tsami ne mai kama harshe, ba laifi, da za a sami ɗan yaji. Amma can ƙarƙashin tsamin akwai wani abu da na sani. Faifan katakon nan ya riƙe turaren Chadi, ya ƙi saki. Madam ta tauna nata a hankali.

"A da ƙamshin Mama yake," ta ce. "Yanzu ƙamshin Hajja."

Ta yi murmushi, amma ni ban iya ba. Kabeji an sake yin wani, aiki na riƙe shi har shekara huɗu, ƙamshin uwarta kuwa na kankare shi da soso, ba kasuwar da ake sayar da shi.

Tun daga ranar na daina yarda da hancina shi kaɗai. In na shiga gidan mutane na ji wani abu yana tashi daga tukunya a rufe, ba na tambaya ko ya lalace. Hannuna nake mayarwa baya, in tambaya uwar wa ta koyar da shi.